Shaidar Inna a Gindin Tubalin Wata

Na sauka Paris da akwati ɗaya, da jakar goyo, da lambar wayar wani mutum da ban taɓa sa wa ido ba. Sunansa Sani, ko kuwa in ce sunan da ya ba ni ke nan. Wata ƙawata ce ta haɗa mu tun ina Yamai, ta ce ɗan Damagaram ne kamar ni, ya daɗe a Faransa, sana'arsa sama wa ɗalibai ɗaki. Karatuna a Lyon yake, amma ɗakin ɗalibai na can ba zai samu ba sai bayan mako uku, don haka na tura wa Sani kuɗin kama mini wuri a Montreuil. Ya turo mini hoton gado da taga da koren labule, har da cewa in na iso matarsa za ta dama mini fura.

Daga filin jirgi na kira shi, waya tana shiga ba a ɗauka. Na ce ƙila yana salla. Na ja akwatina na bi adireshin da ya ba ni, jirgin ƙasa, metro, tafiyar ƙafa, sai ga ni tsaye gaban wani shagon wankin tufafi da inji. Babu ɗaki, babu koren labule. Matar da ke tsaron wurin ta karanta takardata, ta dube ni, ta ce ba ni ce ta farko da ta zo neman wannan ɗakin ba.

Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, haushi ne ya toshe hanyar hawayen. Ni Fassuma, wadda ke zuwa ta ɗaya tun daga makarantar Mirriya har jami'a, a ce da hoton labule aka yi mini wayo! Na zauna a kan akwatina a bakin titi ina zagin kaina. Wani dattijo ɗan Mali, daga cikin ma'aikatan da ke zaune a manyan gidajen haya na unguwar, ya tsaya ya tambaye ni da Faransanci daga ina nake. Da na ce Nijar, sai ya ciro alƙalami ya rubuta mini a tafin hannu: layin metro na 9, a canza zuwa na 4, a sauka Château Rouge. Ya ce in na fito in buɗe kunne kawai, zan ji harshenmu. Shi ya ɗaukar mini akwati har ƙasan tasha, ni kuwa ko sunansa ban tambaya ba.

Maganarsa gaskiya ce. Ina fitowa ƙamshin busasshen kifi da tattasai ya tare ni. Na bi shagunan atamfa ina kasa kunne, sai na ji wata murya daga cikin wani shago tana sababi a waya da Hausar Maraɗi. Na yi sallama na tsaya. Mace ce mai jiki, ta kai shekara sittin, tabarau a kan hanci, almakashi rataye a wuya. Ta kashe wayar ta amsa, muka gaisa tiryan-tiryan, gajiya, hanya, mutanen gida, kamar a ƙofar gidanmu muke. Sai da muka gama ta dubi akwatin.

"Ɗiyata, mi ya hwaru? Wanga akwati ba na mai sayen atamfa ba ne."

Na faɗa mata. Ta tafa hannu.

"Sani? Bara Musa yake, bana ya koma Sani. Allah shi isa. Shigo da kayanki ki ci abinci, kuka ba ya maido kuɗi."

Hajiya Rabi ke nan. Mako ukun nan a gidanta na yi su, da rana ina taya ta ninke shadda a shago. Ita ta koya mini hawan metro ba tare da na ɓace ba, ita ta saya mini rigar sanyi ta gwanjo, ita kuma ta riƙa yi mini tsawa in na yi wa masu ciniki magana kaina a ƙasa. Takan ce, "Ɗago kanki, ba surukanki ba ne." Ina dariya, ban san karatu take ba ni ba. Ranar da zan tafi Lyon na rasa abin da zan ba ta, sai na kwance zanen da na naɗe kaskon turaren wutar da Inna ta gina mini da hannunta a ciki, na ba ta kaskon. Hajiya ta juya shi, ta ga zane uku a gindinsa, na tsakiya ya ɗara sauran tsawo. Ta tambaya, na yi mata bayani a gurguje, don a lokacin ba zancen da nake son yi ba ne.

Mahaifiyata maginiyar tukwane ce a Mirriya. Matan unguwarmu wuri ɗaya suke gashi. Kowa ta kawo tulunanta da randunanta, a jera su a matoya ɗaya, a rufe da kara da kashin shanu, a sa wuta. In wuta ta mutu kaya sun yi kama da juna, to da shaidar da ke gindi kowa ke gane nata. Zane ukun nan shaidar Inna ce. Ɗiya kuwa ba ta da shaida, ta uwarta take sa wa duk abin da ta gina, sai ranar da uwar ta ce hannunta ya nuna. Ni ban tsaya jiran wannan ranar ba. Na tsani yumɓu, na tsani yadda yake tsattsage hannu, na tsani yadda ƴan ajinmu ke ce mini ɗiyar mai tulu. Da gayya na riƙe boko, don in yi nisa da ƙasa iyakar nisa. Da na samu gurbin karatun injiniya a Faransa, a fannin kayan da ake ƙera jiragen sama jannati da su, na ce to, yanzu kam ni da laka sai a labari.

Lyon ta karɓe ni da ruwan sama da shiru. Ɗakina a Villeurbanne, in na miƙe hannu biyu saura ƙiris in taɓa bango da bango. Kullum tram T1, jirgin cikin gari, ke kai ni aji ya maido ni. Abin da ya fi ci mini rai ba sanyi ba ne, gaisuwa ce. Na tare maƙwabciyata a matakala na fara mata, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, kafin in kai ga tambayar iyayenta ta ce "ça va", wato lafiya lau, ta wuce, ta bar ni da sauran gaisuwa a baki. Akwai Lahadin da na wuni ban furta kalma ko ɗaya ba sai a salla. Na yi kewar ƙarar daka, na yi kewar faɗan Inna, har kewar kukan jakin maƙwabta na yi. Amma na rantse ko sanyi zai tsaga ni ba zan koma hannu Rabbana ba, in ba don komai ba don Kawu Habu, yayan mahaifina, wanda ya faɗa a gaban jama'a cewa ɗiyar maginiya duk inda ta je laka za ta koma wa.

A shekara ta biyu aka tura mu istaj, wato aikin koyo na wata shida a ɗakin bincike, wanda suke kira labo. Ni aka ba ni labo ɗin wani Farfesa da ke nazarin yadda za a yi gini a duniyar wata. Murna har ta hana ni cin abinci. Ranar farko na shiga da farar riga ina zaton zan ga injuna masu walƙiya. Sai wani saurayi mai suna Julien, wanda ya riga ni shekara biyu a wurin, ya buɗe wani bokiti ya nuna mini gari mai ruwan toka. Ya ce duwatsun dutse mai aman wuta ne aka niƙa aka haɗa don su kwaikwayi ƙasar wata. Ba a iya ɗaukar siminti daga nan zuwa can, ruwa kuma a can ya fi zinariya tsada. Saboda haka sai dai a danna ƙasar a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da suke kira mul, a gasa ta har ƙwayoyinta su manne, ta zama tubali.

Na dubi bokitin, na dubi tandar lantarkin da ke gefe. Na tsallake hamada, na tsallake teku, na zo gashin ƙasa. Bakin Kawu Habu ya kama ni.

Matsalar labo ɗin ita ce tubalan suna tsagewa. Julien yana da kwandon shara cike da fasassu. Shi ya koya mini kunna tanda, da saita zafi, da rubuta komai a kaye, babban littafin da ake ajiye bayanin gwaji. Ba zan ci haƙƙinsa ba, da haƙuri ya koya mini. Abin da ke ba shi dariya shi ne, kafin a kai tubali na'urar da ke leƙa cikinsa, sai in ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa in ce wannan ya tsage. Na'ura ta yi aikinta na awa biyu ta maimaita abin da na faɗa.

Na daɗe ina ɓoye wa Inna ainihin aikina. Wata Jumma'a a waya ta matsa mini.

"Wai ke Fassuma, aikin mi kike yi can? Kullum sai ki ce bincike. Faɗa mini abin da hannunki ke taɓawa."

Na faɗa mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ji tana kiran maƙwabta su zo su ji. Da ta huce sai ta ce, "To kin sa tsingaro?"

"Inna, wannan kimiyya ce, ba tulu ba."

"Ƙasa dai ƙasa ce, ko ta wata ce. Ki daka fasassun ki zuba cikin sabuwa. Kuma in kin gasa kar ki fiddo shi iska ta buge shi, ki bar shi cikin tokarsa ya huce don kansa."

Na kashe waya cikin fushi. Kwana uku ina fushin, a na huɗu na janyo kwandon sharar Julien na fara daka.

Kada wani ya ɗauka Inna ta faɗa sai abu ya yi. Wannan ƙasa ba yumɓu ba ce, ba ruwa a cikinta, ba danƙo. Gwajin farko a hannuna ya marmashe. Wata uku na yi ina canza girman tsingaron, da yawansa, da saurin hawan zafi, da tsawon lokacin da tubali zai huce a binne cikin garin ƙasar. Sau biyu na ƙone a hannu. Ran nan da hantsi na tono wani tubali, na ƙwanƙwasa, ya amsa da siririyar ƙara mai tsawo irin ta sabuwar randa. Na sake gasa goma, duk suka amsa. Kowannensu kuwa, tun yana ɗanye kafin ya shiga tanda, na ja masa zane uku a gindi da bakin cokalin awo. Ba da wata manufa na yi ba, hannuna ne bai iya sa abu a wuta ba shaida ba.

Ga inda na tafka wautar. Ranar Litinin a taron labo, Farfesa ya ɗaga tubalin, fuskarsa kamar an yi masa albishir ɗin haihuwa, ya ce dabarar wa ce wannan? Na sunkuyar da kai na ce, "Ai aikin Julien ne, shi ya koya mini komai, ni hannu kawai na sa." A Mirriya kowa ya ji wannan magana ya san ma'anarta: ni na yi, amma ina da tarbiyya. Yabon kai jahilci, haka aka raine mu. Mai aiki yakan miƙa yabo ga malaminsa, malamin kuma ya maido masa da shi a gaban mutane, ya ce a'a, ƙoƙarinta ne. Na jira Julien ya maido. Ya gyara zama ya ce, "Merci." Farfesa ya rubuta a takardarsa.

Bayan mako biyu Farfesa ya sake tambayata, mu biyu a ofishinsa, ko akwai abin da ni kaina na ƙara a aikin. Na dubi takalmina na ce duk albarkacinsu ne. A kaye ma, duk shafin da na cika, "mun gwada" da "mun samu" na rubuta, ban taɓa rubuta "na" ba.

Gurbin digirin dakta guda ɗaya labo ke da shi a shekarar, an kuma ce na wanda ya gano maganin tsagewar ne. Takardar zamana a Faransa kuwa tare da istaj za ta ƙare. In babu gurbi babu sabuntawa, sai jirgin komawa. Aka liƙa rahoton aikin a allo, ga sunan Farfesa, ga sunan Julien. Nawa yana can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, ana gode mini da na taimaka wajen niƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na karanta sau uku, raina yana tafasa.

Na tare Julien a gaban tanda. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ji kunya ba.

"Fassuma, ke kika faɗa da bakinki, a gaban kowa. Ni ma shekara biyu nake jiran wannan gurbi."

Na je wurin Farfesa, ya buɗe hannuwa ya ce, "Mademoiselle, sau biyu na tambaye ki." Ba mugu ba ne. Ko a nan ma, da na buɗe baki in ce ni na yi, sai na ɓige da kewaye-kewaye har ya dubi agogo.

A ƙarshen watan aka shirya wani taro a Paris kan makomar tafiya duniyar wata, ƙofa buɗe ga kowa, babban baƙo wani tsohon ɗan sama jannati. Labo ɗinmu zai miƙa masa tubalin a gaban jama'a. Farfesa da Julien suka tafi a jirgin ƙasa mai gudu. Ni ba a sa ni a jerin ba, sai na hau kar, babbar motar nan mai araha, na wuni a hanya na sauka wurin Hajiya Rabi ana gobe taron. Niyyata in zauna a baya in ga tubalina sau ɗaya a hannun mutumin da ya je sama, in koma in haɗa kayana.

Hajiya ta saurare ni tana yankan shadda, ba ta ɗago ba sai da na kai ƙarshe. Sannan ta ajiye almakashi.

"Ke, ashe karatun naki na banza ne. Wagga ƙasa in kin ce ba ke ba ce, sai su rubuta ba ke ba ce, su buga hatimi. Shekara talatin ina nan, da sunkuyar da kai kika ga na riƙe shagon ga? Kunyar mara kunya asara ce."

"Hajiya, a gaban manya ne fa."

"Manyan wa? Sun san Innarki? In kinka koma gida mi za ki ce mata, kin ba da gashin tubalinki sadaka?"

Ta miƙa hannu ta sauko da kaskon Inna daga kan kantar shagon, ta zazzage sauran tokar da ke ciki, ta naɗe shi a ƙyalle ta tura cikin jakata. Washegari, Asabar, ranar ciniki, ta ja ƙofar shagonta ta kulle, ta kafa ɗaurin ɗankwali kamar mai zuwa biki, ta ce mu je.

Zauren ya cika. Ɗan sama jannatin dattijo ne siriri, kansa fari fat, yana taka ƙasa a hankali. Ya ce ya yi wata shida yana zagaya duniya a tashar sama, yana hangen wata ta taga, amma bai taɓa taka shi ba, kuma ya san yanzu ba zai taka ba. Ya faɗi haka ba tare da ɗacin rai ba. Ya ce mutanen farko da suka je can baƙin kwana biyu ne, sun ɗebo duwatsu, sun bar sawu, sun dawo. Masu zuwa nan gaba zama za su yi, mai zama kuwa bango yake bukata kafin tuta. Can rana tana ƙuna ba sassauci, sanyin ya wuce misali, ƙananan duwatsu suna faɗowa ba iskar da za ta tare su, ƙurar wurin kuma kaifi gare ta kamar dakakkiyar kwalba, don ba ruwa ba iska da suka taɓa goge ta. Ya ce zamanin matuƙa irinsa ya kusa wucewa, watan gobe na magina ne da masu haƙar rijiya da manoma. Hajiya, wadda Faransancinta na kasuwa ne, ta zungure ni ta ce, "Wanga tsoho yana da hankali."

Ya kuma ce daga can sama ba a ganin iyakar ƙasa da ƙasa. Jama'a suka yi tafi. Ni ban tafa ba. A raina na ce, Baba, sauko ka bi layin prefektir inda baƙi ke sabunta takarda, za ka ga iyaka da idonka.

Daga ƙarshe wani ya tambaye shi abin da ya fi ba shi tsoro a sama. Ya ce ba duhu ba ne, ba kuma nisa ba. Ransa ne ya yi wata shida a hannun mutanen da bai taɓa gani ba, wanda ya ɗaure ƙusa, da wadda ta ɗinka safar hannunsa. Tun daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a, duk abin da aka miƙa masa sai ya juya shi ya nemi wanda ya yi.

Sai aka kira labo ɗinmu. Farfesa ya yi jawabi, Julien ya miƙa tubalin. Dattijon ya auna nauyinsa a tafi, ya juya shi, ya kai shi kusa da tabarau.

"Waɗannan zanen fa?"

Julien ya leƙa. Ga alama ranar ya fara lura da su. Ya ce sawun mul ne, daga wurin dannawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Hajiya ta ce ita ta mintsine ni, ni dai ban ji ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Ba sawun mul ba ne," na ce daga layin baya. "Zane uku ne, na tsakiya ya fi tsawo. Ni na ja su. Ni na yi tubalin."

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga abu mai nauyin wannan "ni" ɗin ba. Kawunan jama'a suka juyo. Matar da ke jagorantar taron ta ce mini cikin ladabi in zauna, lokacin tambayoyi ya wuce. Na ce mata shekara biyu ina zaune, ya isa. Na ratsa tsakiyar zauren da jakata ina jin takun takalmina, na hau dandamali ba wanda ya gayyace ni, na kwance ƙyallen na miƙa wa dattijon kaskon Inna a kife.

Ya riƙe kasko a hagu, tubali a dama, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya tambaye ni shaidar wa ce. Na ce ta mahaifiyata ce, maginiyar tukwane a wani gari da ake kira Mirriya a Nijar. Da ƙarfi na faɗa, a makirfo, abin da na yi shekaru ina ɓoyewa. Ya ce me ya hana tubalin tsagewa? Na yi masa bayanin tsingaro, da girman ƙwayarsa, da hucewa a binne, da tarin gwajin da ya rushe kafin a kai nan. Na nuna masa yadda ake ƙwanƙwasawa. Ya sa gaɓar yatsa ya buga, ya kai kunne, ƙarar ta shiga makirfo ta zagaya zauren.

"Da zan zauna a bayan wannan bango," in ji shi, "sunanki zan so in sani. Yaya sunanki?"

Na faɗa masa, har da na mahaifina, har da na Inna, sunan da ban taɓa furtawa a gaban mutane ba. Daga can baya wata murya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Paris, ba sai na faɗi ko ta wa ce ba.

Ba a ɗauke ni a kafaɗa ba. A bakin ƙofa Farfesa ya tare ni, fuskarsa ta yi ja, ya ce na kunyata labo, ba haka ake yi ba, akwai hanyar da ake bi. Na dube shi cikin ido, karon farko tun da na san shi. Ashe idanunsa shuɗaye ne.

"Farfesa, na yi irin ta garinmu, kuka rubuta ba ni ba ce. Yau na yi irin taku. Zaɓi wadda za ka hukunta ni a kai."

Ya juya ya tafi.

Mako biyu a Lyon ba wanda ya ce mini ci kanki. Kullum ina zuwa labo in zauna a kujerata kaina a sama, akwatina kuwa a ɗaure a ɗaki, don ban san inda abin zai faɗi ba. Ashe Farfesa ya kwashi kayen labo ya tafi da shi gida, ya bi shafi-shafi, ya ga duk "mun" ɗin nan da rubutun hannu ɗaya aka yi su. Ya kira ni ya turo mini rahoton da aka gyara, sunana a farko. Ya ce gurbin nawa ne. Sannan ya ƙara, yana kallon taga, cewa nan gaba in ya yi tambaya in ba shi amsar tambayar. Na ce a bar sunan Julien na biyu, don shi ya koya mini tanda, wannan kuma gaskiya ce ba kara ba. Julien ya daina gaishe ni har ya bar labo. Ni kuwa kullum da safe sai na tsaya na yi masa gaisuwar Damagaram cikakkiya, da gajiya da sanyi da mutanen gida.

Ranar da sabuwar takardar zamana ta fito na kira Inna na kwashe labarin duka na faɗa mata. Na zaci guɗa za ta yi. Sai kukan akuya na ji daga nesa.

"A gaban manya kika miƙe kika ce ke kika yi?"

"E, Inna."

"Da bakinki?"

"Da bakina."

"Allah ya shirya. To, wa ya ba ki izinin sa shaidata a kayan da ban gani ba, ban ƙwanƙwasa ba?"

Akwai tubali ɗaya a kan teburina, sai na ce in ta yarda in ƙwanƙwasa mata ta ji. Na kara shi da wayar na buga. Ta ce in sake. Na sake. Da ta yi magana kuma muryarta ta canza.

"Wannan ba gashina ba ne, Fassuma, ban iya shi ba. Hannunki ya nuna. Daga yau ki ƙara naki zane, kar a kai kaya wata a rasa mai su."

Kukan da ban yi ba a kan akwatina a Montreuil, a nan ya zo mini, na yi shi har na ƙoshi. Inna tana ji, ba ta hana ni ba.

Washegari na danna sabon tubali, na ja zane uku na Inna, na ja na huɗu a gicciye ya ratsa su, na sa a tanda. Ban sani ba ko tubalina zai taɓa barin duniyar nan, masu harba jirgi ba shawarata suke nema ba. Amma na aika a gaya wa Kawu Habu cewa ɗiyar maginiya ta koma wa laka kamar yadda ya ce, kuma duk wanda ya juya aikinta, a nan ko a can, zai tarar da mai shi.